Fitilar gargaɗin inji

Fitilar gargaɗin inji, wadda direbobi da kanikawa suka fi sani da suna cek injin, wata 'yar ƙaramar fitila ce mai launin rawaya ko ruwan lemo da ke kan allon gaban direba a motocin zamani. A yawancin motoci tana ɗauke da zanen inji. Kwamfutar da ke sarrafa injin ce take kunna ta idan ta gano wata matsala da za ta iya ƙara yawan gurɓataccen hayaƙin da motar ke fitarwa, ko kuma idan ɗaya daga cikin na'urorin da take dogaro da su ya daina ba ta sahihin bayani.

Sau da yawa fitilar ba ta zama a kunne. Takan kama yau, ta mutu bayan kwana biyu, ta sake dawowa bayan mako guda. Wannan ita ce ta fi wuyar bincike, domin kafin a kai motar gareji matsalar ta lafa. Mutuwar fitilar ba shaida ba ce cewa motar ta gyaru. Abin da take nunawa kawai shi ne motar ta ci gwajin kwamfuta a 'yan tafiye-tafiyen baya-bayan nan. Bayanin matsalar yakan daɗe a ajiye cikin kwamfutar bayan fitilar ta mutu, kuma a kan wannan bayani ake gina bincike.

Tarihi

Kafin shigowar kwamfuta cikin mota, kafireto ne yake haɗa fetur da iska, fitilun gargaɗi kuma ba su wuce na bakin mai da caji da zafin inji ba. A farkon shekarun 1980 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sa wa motocinsa kwamfutar da ke ajiye lambobin matsala, ana karanta su ta hanyar ƙirga ƙiftawar fitila. A cikin shekarun ne jihar Kalifoniya, wadda ta daɗe tana fama da gurɓacewar iska, ta wajabta wa masu ƙera motoci sa tsarin da mota za ta riƙa binciken kanta. Sai dai a wancan lokaci kowane kamfani da irin soket ɗinsa da irin lambobinsa.

Tsarin da ake kira OBD-II ne ya kawo daidaito. An wajabta shi a kan ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka daga ƙirar shekarar 1996. Tarayyar Turai ta bi sahu da nata tsarin mai suna EOBD, a kan motocin fetur daga 2001, a kan masu amfani da dizal kuma daga 2004. Tun daga nan motoci suka koma amfani da soket iri ɗaya mai baki 16, wanda galibi yake ƙarƙashin sitiyari, da kuma jerin lambobi na bai ɗaya da kowace na'urar karatu za ta iya fahimta.

Yadda take aiki

Kwamfutar inji tana karɓar bayani daga na'urorin awo da ake kira sensa. Akwai mai auna yawan iskar da ke shiga inji, da mai auna zafin ruwa, da mai lura da juyawar karanshaf, da mai auna iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi, da sauransu. Da wannan bayani take daidaita fetur da wuta, tana ƙoƙarin riƙe ma'aunin kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur ta fuskar nauyi. A lokaci guda kuma tana yi wa sassan injin gwaje-gwaje. A dokar Amurka, ma'aunin da aka ɗora yawancin gwaje-gwajen a kai shi ne kada hayaƙin mota ya kai ninki ɗaya da rabi na abin da aka amince wa ƙirarta.

Fitilar tana da yanayi uku:

- Idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, takan kama tare da sauran fitilu, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. Wannan gwajin ƙwan fitilar ne kawai.
- Idan ta kama ta tsaya, akwai matsalar da kwamfuta ta tabbatar. Galibi ana iya ci gaba da tuƙi a hankali har a kai motar wurin gyara.
- Idan tana ƙiftawa, alama ce cewa wata silinda tana tsallake wuta sosai, ɗanyen fetur yana wucewa cikin salansa. Wannan yana iya ƙona matatar hayaƙi cikin ɗan lokaci.

Akwai bambanci tsakanin ƙiftawa da kamawa tana mutuwa. Ƙiftawa na faruwa ne cikin daƙiƙoƙi, kamar sigina, kuma tana buƙatar mataki nan take. Kamawa da mutuwa kuwa na ɗaukar kwanaki ko makonni.

Dalilin da ya sa take kamawa tana mutuwa

Dalili na farko yana cikin ƙa'idar da aka tsara wa kwamfutar. Yawancin matsaloli sai sun bayyana a tafiya biyu a jere kafin fitila ta kama. Tafiya a nan tana nufin a tayar da inji, a tuƙa motar har gwajin ya gudana, sannan a kashe. A tafiya ta farko kwamfuta takan ajiye lamba ta wucin gadi ba tare da ta kunna fitila ba. Idan matsalar ta maimaitu a tafiya ta gaba, sai ta tabbatar da lambar ta kunna fitila. Wasu matsaloli, kamar tsinkewar wayar sensa mai muhimmanci, kan kunna ta tun a karon farko.

Haka kuma kwamfutar tana kashe fitilar da kanta idan motar ta ci wannan gwaji a tafiya uku a jere. Amma lambar ba ta goguwa a lokacin. Tana nan a ajiye har sai injin ya yi zagayen ɗumi 40 ba tare da matsalar ta dawo ba. Zagayen ɗumi shi ne zafin ruwan inji ya ƙaru da aƙalla digiri 22 a ma'aunin Salsiyas daga inda ya fara, kuma ya kai wajen digiri 70. Motar da ake tayarwa da sanyi sau biyu a rana za ta yi kusan mako uku tana ɗauke da lambar bayan fitila ta mutu.

Dalili na biyu shi ne ba kowane gwaji ke gudana a kowace tafiya ba. Gwajin tsallaken wuta da na ma'aunin fetur suna gudana kusan koyaushe. Gwajin matatar hayaƙi kuwa yana buƙatar inji ya yi zafi, a kuma yi tafiya da gudu madaidaici na ɗan lokaci. Gwajin yoyon tururin fetur a motoci da yawa ba ya gudana sai tanki na tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari. Saboda haka motar da ke zirga-zirga a cikin gari tana iya yin makonni lafiya, sai ranar da ta hau babbar hanya fitila ta kama. Matsalar tana nan tun da farko, gwajin ne bai samu damar gudana ba.

Dalili na uku shi ne ita kanta matsalar tana zuwa tana tafiya. Wani ɓangaren ba ya gazawa sai ya yi zafi, wani sai an shiga gargada, wani sai an yi ruwan sama, wani kuma yana gab da iyakar gwaji ne, yau ya ci gobe ya faɗi.

Lambobin matsala

Kowace lamba tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P na nuna inji da giya, B jikin mota, C ƙafafu da birki, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan alƙalamin farko 0 ne, ma'anar lambar ɗaya ce a duk motoci. Idan 1 ne, kamfanin da ya ƙera motar ne ya ba ta ma'ana. Daga cikin lambobin da aka fi gani a matsala mai zuwa da tafiya akwai:

- P0300: tsallaken wuta a silinda daban-daban. P0301 zuwa P0304 na nuna silinda ta 1 zuwa ta 4.
- P0171: iska ta yi yawa a kan fetur.
- P0101: awon iskar da ke shiga inji bai yi daidai da abin da ake tsammani ba.
- P0128: inji bai kai zafin da ya kamata ba a kan lokaci.
- P0335: matsala a layin sensar karanshaf.
- P0420: matatar hayaƙi ba ta aiki yadda ya kamata.
- P0442, P0455 da P0456: yoyon tururin fetur, ƙarami ko babba.
- P0562: ƙarfin wutar mota ya yi ƙasa.

Lamba tana faɗin gwajin da aka faɗi ne, ba ta faɗin kayan da za a canza. Misali, sensar oksijin ce take gano P0171, amma sau da yawa ita lafiyarta lau. Laifin yana iya zama na tsagaggen tiyo, ko raunin famfon mai, ko toshewar nozul, ko datti a kan sensar iska.

Sanannun musabbabai

Wayoyi da soket. Sakwarkwacewar soket, tsatsa a bakinsa, wayar da ta goge a jikin ƙarfe, ko wadda ɓera ya ci, duk suna haɗuwa su rabu gwargwadon girgizar mota. Haka ma kan batir da bai ɗauru ba, da wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Idan lambobi da yawa marasa alaƙa da juna suka bayyana lokaci guda, a nan ake fara dubawa.

Fulogi da kwayil. Fulogin da ya cinye ko kwayil mai rauni kan yi aiki daidai a tafiya mai sauƙi, sai an taka totur a hawa ko an ɗauki kaya mai nauyi wuta ta gaza. Danshi bayan ruwan sama ko wankin inji, da bakin mai da ya zubo cikin ramin fulogi, suna jawo irin wannan.

Zafi. Sensar karanshaf da kwayil sun shahara da gazawa idan sun yi zafi. Mota takan mutu a tsakiyar tafiya, ta ƙi tashi, bayan ta huce kuma ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Shigar iska ta ɓarauniyar hanya. Tsagar tiyon roba ko gasket da ya tsufa kan buɗe da sanyin safiya, ya rufe idan inji ya yi zafi ya kumbura.

Murfin tanki. Idan ba a ɗaure shi sosai ba bayan shan mai, ko robarsa ta tsage, tururin fetur yana fita. Fitila kan kama kwana ɗaya ko biyu bayan shan man, ta mutu bayan 'yan tafiye-tafiye idan an ɗaure murfin.

Ingancin fetur. Fetur mai ruwa, ko datti, ko wanda aka gauraya da wani abu, yana jawo tsallaken wuta da lambobin ma'aunin fetur, su ɓace idan man ya ƙare aka sha mai kyau.

Tsufan sassa. Sensar oksijin da matatar hayaƙi ba sa mutuwa dare ɗaya. Suna raguwa ne a hankali, fitila ta riƙa kamawa jefi-jefi, tazarar tana raguwa har ta tsaya a kunne.

Matakan bincike

Mataki na farko na direba ne. Ana so ya lura da yanayin da fitilar ke kamawa: da sanyin safiya ne ko bayan doguwar tafiya, a cunkoso ne ko a babbar hanya, bayan shan mai ne, ko bayan ruwan sama, ko lokacin da aka kunna na'urar sanyaya mota. Wannan bayani yakan rage wa bakanike rabin aiki.

Na biyu shi ne karanta kwamfutar kafin a goge komai, ko da fitilar ta riga ta mutu. Ana karanta tabbatattun lambobi da na wucin gadi. Ana kuma karanta hoton lokaci, wato bayanin da kwamfuta ta ajiye a daidai lokacin da matsalar ta auku: saurin juyawar inji, gudun mota, zafin ruwa, nauyin da ke kan inji da ma'aunin fetur. Wannan hoto ne yake nuna yanayin da za a sake kwaikwaya. Ana yin karatun da na'urar gareji, ko da ƙaramar na'ura irin ta ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu ta Bluetooth.

Na uku shi ne dubawa da ido da awon wuta. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe, da tsakanin 13.5 zuwa 14.7 idan yana aiki. Ana duba kan batir, fiyus, soket, tiyoyi, matatar iska da murfin tanki.

Na huɗu shi ne kallon bayanan inji yana aiki. Mafi amfani a ciki shi ne adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa fetur. Idan ƙari ko ragin ya wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai abin dubawa. Idan ƙarin ya yi yawa lokacin da mota ke tsaye inji na aiki, ya ragu da aka taka totur, an fi zargin shigar iska. Idan kuwa yana ƙaruwa ne lokacin da inji ke jan nauyi, an fi zargin famfon mai, matatar mai ko sensar iska.

Na biyar shi ne tsokano matsalar da gangan. Bakanike kan girgiza wayoyi da soket ɗaya bayan ɗaya yana kallon na'ura, ko ya fesa ɗan ruwa a kan wayoyin fulogi, ko ya hura hayaƙin gwaji cikin bututun iska don ganin inda zai ɓullo. Idan lamba ta nuna silinda guda, sai a musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta. Idan P0302 ta koma P0303, kwayil ne. Idan ta tsaya inda take, sai a koma kan fulogi, nozul ko matsin silinda.

Na ƙarshe shi ne tabbatarwa. Bayan gyara ana goge lambar, a tuƙa motar a irin yanayin da hoton lokaci ya nuna, har kwamfuta ta nuna cewa gwajin ya gudana kuma babu lambar wucin gadi. Fitilar da ta mutu a bakin gareji ba hujja ba ce, domin gogewa kaɗai tana kashe ta.

Kurakuran da aka saba yi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cire kan batir ko goge lamba kafin a rubuta ta. Wannan yana kashe fitila, amma a motoci da yawa yana tafiya da hoton lokaci da sakamakon gwaje-gwaje, sai an jira matsalar ta dawo kafin a fara bincike. Motocin Amurka ƙirar 2010 zuwa sama suna da wani rukunin lambobi na dindindin da ba a iya gogewa da na'ura, sai kwamfutar da kanta ta tabbatar an gyara.

Na biyu shi ne canza kaya bisa sunan da ya fito a na'ura ba tare da gwaji ba. Na uku shi ne canza abubuwa da yawa lokaci guda, wanda ke hana sanin ainihin mai laifi. Na huɗu shi ne cire ƙwan fitilar ko rufe ta da baƙin tef. Fitila ɗaya ce take wakiltar ɗaruruwan lambobi, don haka wanda ya saba da ganinta a kunne saboda ƙaramar matsala ba zai san ranar da babba ta zo ba.

A Najeriya da Nijar

Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a Najeriya da Nijar na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Amurka da Turai, ana kiransu tokumbo ko 'yan Kwatano. Kwamfutocinsu suna nan da ƙa'idojin ƙasashen da aka ƙera su dominsu. Dokar Amurka ta tilasta gwajin yoyon tururin fetur, ta Turai kuwa ba ta tsananta a kansa haka ba, shi ya sa sakakken murfin tanki ya fi kunna fitila a motocin da suka fito daga Amurka.

Yanayin ƙasa ma yana da tasiri. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tana kuma ɓata sensar iska. Damina tana kawo danshi cikin soket da kwayil. Ramuka da gargada suna sassauta wayoyi. Fetur ɗin jarka da ake saya a bakin hanya yana iya zuwa da ruwa ko datti. A watan Fabrairun 2022 hukumomin mai na Najeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, abin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai.

Akwai kuma sauye-sauyen da ake yi wa motoci a gareji. Wasu kan cire tamostat don gudun zafin inji, sai injin ya kasa kai zafinsa da sanyin safiya ko a babbar hanya, lambar P0128 ta riƙa zuwa tana tafiya, shan mai kuma ya ƙaru. Ana kuma cire matatar hayaƙi, wadda ake yi wa laƙabi da Indomie saboda abin da ke cikinta ya yi kama da curin taliyar, domin tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Motar da aka cire wa ita takan nuna P0420 duk lokacin da gwajin ya gudana.

Ga mai sayen motar hannu, akwai gwaji biyu masu sauƙi. Idan aka murɗa makulli fitilar ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa an cire ƙwan. Idan kuma na'ura ta nuna yawancin gwaje-gwaje ba su kammala ba, alama ce cewa ba a daɗe da goge lambobi ko cire batir ba.

Lokacin da ya kamata a tsaya

Idan fitilar tana ƙiftawa, ana sassauta totur nan take, a rage gudu, a nemi wurin tsayawa. Haka nan idan ta kama tare da kakkarwar inji, raguwar ƙarfi, warin ɗanyen fetur ko baƙon ƙara. Idan jar fitilar bakin mai ko ta zafin inji ta kama tare da ita, kashe injin ake yi ba tare da jinkiri ba, domin waɗannan na nuna haɗarin da zai iya lalata injin cikin mintuna. Idan kuwa ta kama ta mutu motar na tafiya daidai, ba sai an tsaya ba, amma ana so a karanta kwamfutar cikin 'yan kwanaki, tun lambar da hoton lokaci suna nan. Fulogi ko kwayil da aka bari yana tsallake wuta yakan kai ga ƙona matatar hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka nasu sau da yawa.